A Rage Wa Yaron Nan Kaya

A unguwannin da mutanenmu suke zaune a nan Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, har zuwa Sabon Ibadan da Shagamu da Ama Hausa ta Owerri, akwai gidaje da dama da suke da yaron da akan tura ƙuryar ɗaki in an yi baƙi. Yaro ne lafiyayye a ido, da ƙafafunsa da hannuwansa, amma ya kai shekara huɗu ko biyar bai fara magana ba, ko kuwa yana magana amma sai maimaita abin da aka faɗa masa. In an kira sunansa ba ya waiwayowa. Ba ya shiga wasan 'yan'uwansa, sai ya zauna shi kaɗai yana jera murafan kwalba, in wani ya taɓa ɗaya daga ciki ya fasa ihu kamar an yanke masa yatsa. Wasu su ce taurin kai ne, wasu su ce uwarsa ce ta sangarta shi, wasu su ce iska ce ta taɓa shi, wasu ma har su kira shi ɗan ruwa. Kowa da maganin da yake kawowa, amma wanda aka fi kawowa shi ne tsawa da bulala da ƙarin matsi.

To, jama'a, ni a ganina mun juya wa al'amarin baya. Irin wannan yaro kaya ne suka yi masa yawa, kuma babban taimakon da iyaye za su fara yi masa shi ne su karɓe shi yadda Allah Ya halicce shi, sa'an nan su rage masa yawan abubuwan da suke nema ya yi. Na san maganar za ta yi wa masu karatu da yawa nauyi, domin kuwa ta yi kama da sangarta, mu kuwa mutane ne da ba mu wasa da tarbiyya. Saboda haka bari in bi ta dalla-dalla.

MENE NE WANNAN ABU?

Likitoci suna kiran wannan hali otizim. A kafofin labarai na Hausa akan ce masa galahanga, ko da yake jama'a sukan yi amfani da wannan kalma ga larurori iri-iri waɗanda ba ɗaya ba ne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara bayyana shi a rubuce sosai shi ne Dokta Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, a shekarar 1943, bayan ya lura da yara 11 masu halaye iri ɗaya. Watau wani bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take girma, wanda yake shafar yadda mutum yake magana, da yadda yake hulɗa da jama'a, da kuma yadda yake jin ƙara da haske da taɓawa da ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum 1 cikin 127 a duniya yana da shi. A Amurka, inda aka fi bin diddigi, rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar na 2025 ya nuna yaro 1 cikin 31 daga 'yan shekara takwas a wuraren da aka ƙirga, kuma maza sun ninka mata fiye da sau uku. Kada kuma wani ya ce abin Turawa ne. Tun a 1978 wani masani mai suna Victor Lotter ya zagaya wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, ya tarar da yara masu shi.

Masu otizim ba ɗaya suke ba. Akwai wanda zai yi karatu har jami'a ya yi aure ya haifu, akwai kuma wanda har girmansa ba zai yi magana da baki ba, kuma zai buƙaci mai kula da shi muddin ransa. Gado yana da babban hannu a ciki, kamar yadda binciken tagwaye da aka yi a Ingila a 1977 ya fara nunawa, bincike da yawa kuma suka tabbatar daga baya. Allurar rigakafi ba ta kawo shi. Likitan nan na Ingila, Andrew Wakefield, da ya yaɗa wannan zance a 1998, an janye rubutunsa a 2010 aka kuma hana shi aikin likita, sa'an nan binciken da aka buga a 2019 a kan yara fiye da 650,000 a ƙasar Denmak bai ga wata alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da otizim ba. Haka nan kuma babu ƙwaya ko saiwa ko hayaƙi da yake cire shi. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai warkar da yaro sarai, aljihun iyayen yake nema.

A ƘIRGA KAYAN YINI GUDA

Mu ɗauki yaro ɗan shekara shida a gidan haya irin na Ikko, ɗakuna a jere ƙofa na kallon ƙofa, mu ƙirga abin da ake nema daga gare shi tun asuba. A tashe shi yana cikin barci. A kai shi layin banɗaki a watsa masa ruwan sanyi. A ce ya durƙusa ya gaida babansa, ya gaida maƙwabta ɗaki-ɗaki. A sa masa kayan makaranta masu kaushi da safa da takalmi mai matsi. A ce ya sha koko ko yana so ko ba ya so. A ratsa da shi titi cikin ƙarar danfo da babura da hon da lasifika. A aji ya zauna shiru cikin yara hamsin ko fiye, ya amsa in an tambaye shi. Da la'asar Islamiyya, da dare ga ƙarar janareta ta ko'ina, ga baƙi sun zo ana cewa zo ka gaida kawunka, faɗi sunanka, daina kaɗa hannu, sauko daga nan, ajiye wannan.

Ga sauran yara wannan duk ba wani abu ba ne. Amma da yawa daga masu otizim kunnensu ba ya tace ƙara yadda namu yake yi. Mu mukan ji maganar wanda yake gabanmu, sauran hayaniya ta koma baya, shi kuwa duk a lokaci guda suke shigar masa, da ƙarfi iri ɗaya. Ɗinkin wuyan riga da mu ba mu ma san da shi ba, shi yana jinsa kamar ƙaiƙayi tun safe har dare. Canjin hanya ko canjin malami ba tare da an faɗa masa ba yakan jefa shi cikin tsoro na gaske, domin sanin abin da zai biyo baya shi ne abin da yake riƙe da shi. Saboda haka kowace buƙata da muka ɗora masa tana cin ƙarfin da ya ninka wanda take ci a wurin ɗan'uwansa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 ya ga yadda ake ɗora wa ɗan dako kaya. Akwai iyakar da in aka wuce ta, ko albasa ɗaya aka ƙara sai gwiwa ta sage. Mai hankali ba zai ce albasar nan ce ta kada shi ba, ya san buhunan da ke ƙarƙashinta ne. Haka abin yake in yaron nan ya birkice da yamma saboda an ba shi ruwa a kofin da ba nasa ba. Jama'a su ce dubi fitina a kan kofi, alhali kuwa kofin shi ne albasar ƙarshe. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai kuma bambanci tsakanin wannan birkicewa da rigimar shagwaɓa. Mai shagwaɓa yana kuka yana satar kallonka, da ka ba shi abin da yake so sai ya yi shiru. Wanda ya birkice kuwa ba ya ma ganinka, ko ka ba shi abin ba zai tsaya ba sai jikinsa ya huce, wani lokaci har yakan ji wa kansa rauni. Dukan yaro a wannan hali daidai yake da zuba fetur a wuta, kuma darasi ɗaya kaɗai yake koya daga ciki, watau iyayensa ma abin tsoro ne.

YADDA AKE RAGE KAYAN

Wani masanin halayyar yara a Amurka, Dokta Ross Greene, ya fitar da littafi a 1998 inda ya ba iyaye shawarar su riƙa kasa abubuwan da suke nema gida uku. Akwai wanda dole ne a yi shi yanzu, akwai wanda za a zauna da yaro a nemo hanyar da za ta yi wa kowa daɗi, akwai kuma wanda za a ajiye gefe tukuna. Tushen maganarsa shi ne yaro yana son ya yi daidai, in ya kasa to akwai wata dabara da bai mallaka ba tukuna ko wani abu da ya tare shi. In iyaye suka zauna suka yi wannan lissafi da gaskiya, za su tarar kashi na farko ɗan kaɗan ne, na ukun kuwa ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Mu duba gaisuwa, wadda ita ce ta fi sosa mana rai. Me muke nema da gaisuwa? Girmamawa da sada zumunci. To in yaro ba zai iya durƙusawa ya jero ina kwana da ina gajiya ba, amma zai iya ɗaga hannu, ko ya taɓa hannun kakarsa ya wuce, me zai hana a karɓi wannan a matsayin gaisuwarsa? Uba ya ce wa baƙo, "Alhaji, haka yake gaisuwa, ka amsa masa." Magana ta ƙare, ba a kunyata kowa ba. A nan ma al'adarmu ta yi mana rana. A ƙasashen Turai an sha wahalar da irin waɗannan yara a kan dole sai sun kalli mutum ido cikin ido, abin da da yawansu suka ce yana musu zafi. Mu kuwa a wurinmu yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba shi ne mai kunya. Wannan kaya ɗaya ne da tun asali ba mu ɗora masa ba.

Haka sauran. In ba ya cin komai sai shinkafa fara da ƙwai, a ba shi, a riƙa ajiye ɗan wani abu a gefen kwano ba tare da tilas ba, a kuma nemi shawarar likita a kan abin da jikinsa zai rasa. In rigar shadda mai sitaci tana cizonsa, ya yi Salla da tsohuwar rigarsa mai laushi, duniya ba za ta tashi ba. In wanka da safe yaƙi ne, a mai da shi dare da ruwan ɗumi. In gidan biki da kiɗa da taro suna birkita shi, a bar shi gida da wanda ya saba da shi, ko a je da shi na ɗan lokaci a fito tun kafin tulu ya cika. Kaɗa hannu da jujjuyawa da yake yi kuwa, in dai ba cutar da kansa yake ba, a ƙyale shi. Da su yake kwantar da hankalinsa, kamar yadda wani babba yake kaɗa ƙafa ko wasa da makulli in ransa ya ɓaci.

Abin da ya rage kuma ana iya sauƙaƙa shi ta hanyar yadda ake faɗa. Magana gajera, umarni ɗaya a lokaci guda, sa'an nan a yi shiru a ba shi lokaci ya juya ta a kansa, kada a maimaita sau biyar cikin tsawa. A faɗa masa abin da zai faru tun kafin ya faru. A zana masa ko a manna hotunan ayyukan yini a bango ya riƙa bi. A ba shi zaɓi tsakanin abu biyu. Wanda ba ya magana a koya masa nuni da hoto ko da hannu, wannan ba ya hana magana fitowa, sau da yawa ma taimaka mata yake yi. Farfesa Elizabeth Newson ta Nottingham a Ingila ta lura tun a shekarun 1980 cewa akwai wasu yara da ko abin da suke so ne, da zarar an mai da shi umarni sai tsoro ya hana su yi. Har yanzu likitoci ba su haɗu a kan ko wannan wani rukuni ne na dabam ba, kuma manyan littattafan tantance cututtuka ba su sa shi a matsayin larura mai zaman kanta ba. Amma dabarar da aka samo daga nan tana da amfani. Maimakon "sa takalminka yanzu", a ce "ga takalma nan bakin ƙofa, mota ta kusa zuwa", a juya a ci gaba da wani abu.

DARASI DAGA GONA

Yaro na farko a cikin sha ɗayan da Dokta Kanner ya rubuta shi ne Donald Triplett, wanda aka haifa a 1933 a wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Misisifi. Yana ƙarami ƙwarai aka kai shi gidan ajiye yara na gwamnati a 1937, kamar yadda ake ba iyaye shawara a zamanin. Can ya ƙara shiga cikin kansa, har iyayen suka ɗauko shi bayan kimanin shekara guda. A 1942 suka kai shi wurin wani manomi da matarsa, ya zauna da su shekara huɗu. Waɗannan mutane ba su yi karatun likita ba, amma dubi abin da suka yi. Donald yana da son aune-aune, sai suka sa shi haƙa rijiya yana faɗa musu zurfinta. Yana son ƙirga kunyoyin masara ba iyaka, sai suka ce to ya riƙa ƙirgawa yana noma su. Yana tsince-tsincen matattun tsuntsaye, sai suka ba shi wani ɗan fili ya riƙa binne su yana kafa alama. Ba su yi yaƙi da halinsa ba, sun bi ta cikinsa suka fitar da amfani. Kanner da kansa ya ziyarce su ya yaba da hikimarsu.

Donald ya gama kwaleji, ya yi aiki a bankin garinsu shekaru masu yawa, ya koyi tuƙin mota, ya zagaya ƙasashe shi kaɗai, ya rasu a 2023 yana da shekara 89, da otizim ɗinsa. Gaskiya ne iyayensa masu hali ne, kuma ba kowane yaro ne zai kai inda ya kai ba. Amma abin da manomin nan da mutanen garin suka ba shi ba da kuɗi ake saye ba.

A wancan zamanin kuwa masana da yawa wata hanya suka bi. Bruno Bettelheim ya yaɗa cewa sanyin zuciyar uwa ne yake jawo abin, aka bar dubban mata da baƙin cikin laifin da ba su yi ba, kafin bincike ya rushe zancen. A shekarun 1960 Ivar Lovaas na jami'ar Kalifoniya ya yi amfani da tsawa da mari har da jan wutar lantarki don ya sa yara su yi abin da ake so, kuma a 1987 ya ba da rahoton horo na awa 40 a mako. Yawancin masu bin hanyarsa a yau sun bar duka, amma manyan mutane masu otizim da yawa sun fito sun faɗi abin da tilasta musu kwaikwayon sauran mutane ya jawo musu. Bincike na baya-bayan nan kuma ya danganta yawan ɓoye hali don a gamsar da jama'a da damuwa mai tsanani da ƙuncin rai. A ɗaya gefen, masana a Manchesta ƙarƙashin Farfesa Jonathan Green sun yi gwaji da yara 152 'yan shekara biyu zuwa huɗu. An riƙa ɗaukar hoton bidiyo na iyaye suna wasa da 'ya'yansu, a nuna musu inda yaro ya yi wata 'yar alama suka wuce ba su gani ba, a koya musu su rage ba da umarni su riƙa bin inda hankalin yaron ya karkata. Yaran ba su rabu da otizim ba, amma rahoton da aka buga a 2016, kimanin shekara shida bayan gwajin, ya nuna wahalhalunsu sun ragu fiye da na waɗanda ba a yi wa iyayensu wannan horo ba.

AMMA ICCE FA?

Na san abin da dattawa za su ce: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ka so naka duniya ta ƙi shi. Za su ƙara da cewa iyaye ba za su dawwama ba, in an saba wa yaro da sauƙi wa zai yi masa sauƙi bayan ransu? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ita ce take hana iyayen irin waɗannan yara barci. Amsata ita ce, masassaƙi ma yakan duba irin iccen kafin ya tanƙwara, domin wani in ka matsa masa karyewa zai yi. Yaron da yake cikin firgici tun safe har dare ba ya koyon komai. Sai hankali ya kwanta ake koyo, ga babba ma balle yaro. Wanda ya ajiye faɗa a kan abu ashirin ya tsaya a kan biyu, kamar shiga banɗaki da kansa da iya nuna abin da yake so, shi ne zai wayi gari ya ga an samu biyun, sa'an nan ya ɗauko na uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma in faɗi gaskiya, akwai haɗari a ɗaya gefen. Rage kaya dabam, sakaci dabam. Miƙa wa yaro waya tun safe har dare don a huta da shi ba karɓa ba ce, yasarwa ce. Farfesa Temple Grandin ta jami'ar jihar Kolorado, wadda aka haifa a 1947, ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara uku, ta kuma zama gwana a fannin tsara wuraren sarrafa shanu, ta sha faɗin cewa mahaifiyarta ta riƙa tura ta gaba kaɗan-kaɗan, tana koya mata ladabi da aiki, kuma tana gargaɗin iyaye kada su bar yara su naɗe a ɗaki. Maganarta daidai ce. Abin lura shi ne kaɗan-kaɗan ɗin, da zaɓen lokacin da yaro yake cikin natsuwa.

Akwai kuma abubuwan da ba a sassauci a kansu ko kaɗan: titi, wuta, ruwa, maganin farfaɗiya ga wanda yake da ita, domin ta fi yawa a cikin masu otizim, da kuma cutar da wani. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya nuna kusan rabin yaran da aka bincika sun taɓa ƙoƙarin sulalewa daga inda ake kula da su, kuma nutsewa a ruwa tana cikin manyan abubuwan da ke hallaka su. A gari irin Ikko mai lambatu da gulbi da rijiyoyi a tsakar gida, sakata a sama da murfin rijiya mai kwaɗo wajibi ne. Sauran 'ya'ya kuma za su ce ana nuna bambanci. A zaunar da su a yi musu bayani, a kuma ware musu nasu lokaci, kada a mai da babbar 'ya uwa ta biyu har ta rasa karatunta.

NAUYIN DA KE KAN JAMA'A

Yawancin kayan da iyaye suke ɗora wa yaron nan, in ka bincika, tsoron bakin mutane ne. Uwa ba don kanta take dukansa ya gaida baƙo ba, don kada a ce ba ta iya tarbiyya ba ne. Saboda haka ba za a rage wa yaro kaya ba sai an rage wa uwarsa. Maigida, ɗan nan naka ne, hannunka kuwa ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kada ka bari dangi su ce daga wajenta aka kwaso, kada kuma ka mai da abin dalilin saki. Ka ɗauke shi awa guda da yamma ta samu ta runtsa. Maƙwabta, in kun ji ihu ta bango, sallama da tayin taimako sun fi tsegumi. Malaman Islamiyya da na boko, ku ajiye bulala a kan wannan yaro, ku bar shi ya zauna bakin ƙofa ya fita in ya gaji. Sarakunan Hausawa da limamai na unguwanninmu, kalma ɗaya daga bakinku za ta sa a daina kiran bawan Allah ɗan ruwa. Mu tuna a 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure dubban masu larurar ƙwaƙwalwa da mari a wurare dabam-dabam a ƙasar nan. Hanyar da take kai mutum irin waɗannan wurare daga gida take farawa, ranar da aka yanke cewa taurin kai ne kuma sai an karya shi.

Ba kuma baƙon abu ba ne a ƙasar nan a ce jama'a su ne magani. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin nan na Aro kusa da Abeokuta, inda masu jinya suke zama a ƙauyuka cikin mutane tare da wani ɗan'uwansu maimakon a kulle su, duniya kuma ta yaba. Gwamnati ma akwai nata. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ta ba su haƙƙin ilmi kyauta har sakandare, Jihar Legas kuwa tana da tata dokar tun 2011. Abin da ya rage shi ne a gani a ƙasa, a horar da malamai da ma'aikatan asibitocin unguwa, a kuma yi bayani da harsunan da iyaye suke ji, har da Hausa.

Iyayen da suka ga alamun da na zana kada su tsaya jiran ya girma ya daina. A fara da gwajin ji, domin kurumta ma tana hana magana. Daga nan a nemi likitan yara ko sashen yara na asibitocin ƙwaƙwalwa, kamar na Yaba wanda yake da cibiyar yara a Oshodi, ko Aro, ko asibitocin koyarwa na Idi-Araba da Ibadan. Sanin sunan abu rabin sauƙi ne, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Kafin a samu ganin likita, ga aikin da ba ya buƙatar ko kwabo: yau da dare uwa da uba su zauna su lissafa duk abin da suka yi faɗa da yaron a kansa tun safe, su zaɓi uku su ajiye har wata guda, su ga yadda gidan zai kasance. Allah Ya ba mu haƙuri da amanar da Ya ba mu, Ya kuma shirya mana zuriya baki ɗaya.